Jan Biron Mama

Shafi goma sha biyu na labarina na kai wa Mama ranar farko. A wani shagon kwamfuta da ke Tudun Wadan Zariya na buga su, na zura a leda don kada zufar hannuna ta taɓa su, na hau Keke Napep zuwa Ƙofar Doka ina ta kitsa irin yabon da zan sha. Ai ba yau na fara rubutu ba. Littafi uku na gama a WhatsApp, kullum bayan isha'i nake sakin shafi, in na makara da minti goma sai saƙonni su yi ta shigowa: "Anti a taimaka a ci gaba, mun ƙagu." Wanda ya saba da irin wannan, da wuya ka faɗa masa akwai abin da ya rage bai iya ba.

Yadda aka haɗa mu ba wani dogon labari ba ne. Akwai zaman karatu da muke yi sau ɗaya a wata a Samaru, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a tafa masa, a sha lemo a watse. Wata rana dattawan zaman suka ce wannan tafin ba ya gyara kowa, gara a ɗauki kowane matashi a damƙa shi hannun babba ɗaya na wata shida. Ni a raina malamin jami'a nake so, mai littattafai a kasuwa. Sai aka ba ni wata tsohuwar malamar Hausa da ta yi ritaya daga makarantar 'yan mata, wadda ko sau ɗaya ban taɓa jin ta karanta nata rubutun ba. A zaman ma ba ta cika magana ba, sai dai ta zauna a baya da carbi. Kowa Mama yake ce mata, ni ma na bi sahu.

Sharuɗɗanta ta gindaya mini tun a waya. Labari ɗaya za mu yi, ba littafi ba. Kowace Asabar bayan la'asar. A takarda zan kawo, a bar fili tsakanin layi da layi. Kuma kada in saki ko layi ɗaya a guruf sai mun gama. Na tambaye ta ko akwai abin da zan riƙa bayarwa, ta ce, "Kuɗin kekenki ma ya ishe ki, 'yata."

Na same ta a tsakar gida kan tabarma. Bayan gaisuwa ta karɓi takardun, ta sa tabarau, ta ciro jan biro daga cikin wani tsohon gwangwanin alewa. Ba ta karanta labarin ba ranar. Layi na huɗu ta tsaya a kai, inda na rubuta "ya bata kudin".

"Me ya yi da kuɗin?"

"Ya ba ta, Mama."

"Ni ban ga haka ba. In na sa wa b ɗin nan ƙugiya, ya ɓata kuɗin ke nan. In na raba, ya ba ta. Ke kin bar ni a tsakiya. Mai kyauta ne ko almubazzari?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga nan muka shiga abin da na tsana tun ina sakandare, wato ƙa'idojin rubutu. Asabar uku muka yi a kai. "Yana" da "tana" a haɗe, ni kuwa a rabe nake rubuta su. "Ne" da "ce" a ware, ni kuwa manna su nake yi a wutsiyar kalma. "Gidansa" a haɗe, "gida nasa" a rabe. "Ba ta zo ba" kalma huɗu ce, ba uku ba. Ga ƙafa da kafa, ga ɗaki da daki, ga ƙasa da kasa. Na kawo uzurin da kowa ke kawowa, cewa waya ba ta da haruffa masu ƙugiya. Ta kira jikanta ɗan aji uku, cikin minti biyu ya sa mini allon rubutun Hausa a wayata, uzuri ya ƙare. Ta ce tun shekarun 1930 aka shigo da waɗannan haruffa cikin boko, injinan ɗab'i na ƙarfe ma sun iya su, ba wayar hannu ce za ta kasa ba.

Gaskiya a makonnin nan na yi tunanin gudu. Na zo a koya mini sirrin labari, an mai da ni 'yar aji ɗaya.

A Asabar ta huɗu ne ta ce in karanta da babbar murya, ita kuma ta rufe ido. Wannan shi ne abin da ya fi komai tona mini asiri. Abin da ido ke tsallakewa a waya, harshe ba ya iya tsallake shi. Na kai tsakiyar shafi na biyu numfashina ya ƙare, don jimla ɗaya ta ci layi bakwai ba aya. Can gaba sai na ji ina maimaita abu ɗaya, har ni kaina na fara jin kunya. Da na gama ta miƙo mini biron ta ce in zagaye duk inda wani ya sauke ajiyar zuciya. Goma sha bakwai na ƙirga. A shafi goma sha biyu. Ta ce, "Mutanen nan naki asma ke damunsu?" Sai kuma "wani irin kallo ya watsa mata", sau shida. Ta ce wane iri? In na san irinsa in faɗa, in ban sani ba in cire.

Ban ƙirƙiri waɗannan kalamai ba, tsintar su na yi. Duk mai karanta littattafan waya ya san su: jaruma fara ce doguwa mai dara-daran idanu, jarumi miskili ne mai ji da kansa, murmushi kullum ƙara masa kyau yake yi. Ba na raina su, don su suka koya mini son karatu, kuma mai sakin shafi kullum dole ya nemi abin da zai cike gurbi da shi kafin barci ya ɗauke shi. Amma ranar na gane cewa rabin abin da nake kira salona, kayan aro ne da kowa ke sawa.

Labarin kansa a kan wata mata ne mai ɗinkin hannu a cikin Birni, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, tana yi wa manyan riguna aiki ana biyan ta abin da bai taka kara ya karya ba. Daga kakata na samo shi, Iya, don sana'arta ke nan tun kafin a haifi mahaifiyata. Sai dai ni na ƙawata shi. Na sako wani Alhaji daga Abuja da ya ga aikin ya ruɗe, ya nemo ta, ya auri 'yarta, kowa ya huta.

Mama ba ta ce in cire Alhaji ba. Tambayoyi ta jero mini, kuma ko ɗaya ban iya amsawa ba. Wa ke kawo mata rigar? Wa ya zana aikin a jikin yadin kafin ta sa allura? Aska biyu take yi ko aska takwas? Zaren nata ne ko na mai riga? A ina take zama in rana ta juya? In ta yi kuskure, warwarewa take yi ko rufewa? Na ce, "Mama, ai mai karatu ba ruwansa da wannan." Ta ce, "Mai karatu ba ruwansa, amma ke da ruwanki. Kin san kalar motar Alhaji, ba ki san kalar zaren kakarki ba."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na tashi ina ganin Iya da riga a cinya kamar yadda nake ganin randa a gindin bishiya, ban taɓa tsayawa na duba ba. Sati biyu na yi ina zuwa wurinta da littafin rubutu. A nan na ji cewa ba ita ke zana aikin ba, akwai mai zane da ke fitar da shi a jikin yadin, ita bin sawu take yi da allura. Na ji cewa ba ta ma san masu sa rigunan ba, dillali ne ke kawowa ya karɓa, kuma kuɗin ba lokaci ɗaya yake zuwa ba. Na ga kantar da ke ɗan yatsanta. Na ga yadda take matsawa da tabarma tana bin haske, daga bakin ɗaki da hantsi zuwa gindin katanga da yamma, da yadda yanzu sai ta kira yaro ya zura mata zare. Da na dawo na sake rubutu, ban ma lura da lokacin da Alhaji ya fita daga labarin ba. Wurin ne ya yi masa kaɗan.

Akwai wata Asabar da na gaji na ce mata, tunda ta san abin da take so, ta rubuta mini sakin layin farko kawai in ga yadda ake yi. Ta ajiye biron ta ba ni tarihi. Ta ce wannan zama da muke yi ba baƙon abu ba ne a Zariya, kusan ma a ce a kansa aka gina rubutun zube na Hausa. A 1933 Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a nan garin, ya zaga yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari, daga cikinta aka samu littattafai biyar ɗin nan da kowane ɗalibin Hausa ya haddace sunayensu. Abubakar Imam yana malamin Midil a Katsina ya shiga da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi ya zo Zariya ya yi wata shida yana aiki kusa da East, a nan ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi aka ba edita. Ta nuna da haɓa wajen Tukur-Tukur, inda Kamfanin Gaskiya yake, kamar mai nuna gidan maƙwabci. Sannan ta ce in tuna ɗaya daga cikin biyar ɗin, Jiki Magayi, suna biyu ne a bangonsa, John Tafida da East. "Ni ba na son sunana a bangon naki, don haka ba zan sa hannuna a cikinsa ba. Zan nuna miki inda ya yi rami. Cikewa naki ne."

Haka kuwa aka yi. A wata shidan nan ba ta rubuta mini jimla ko ɗaya ba. Alamominta ma kaɗan ne: layi a ƙarƙashi in abu ya yi mata daɗi, wanda ba kasafai ba, zagaye in kuskure ne, sai alamar tambaya a gefe, wadda na fi tsoro, don ma'anarta ba ta yarda da ni ba.

Sai batun yanka. Labarin ya kumbura ya kai kalma dubu huɗu. Ta ce mu ɗauki ma'aunin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, inda ba a wuce kalma 1,500. Ba wai don lallai in shiga ba, sai don in ɗanɗana yadda ƙuncin wuri ke tilasta wa mutum zaɓi. Shafi biyu na farko suka fara tafiya, inda na yi ta bayanin sanyin hunturu da asalin gidan su matar tun daga kakanni. Ta sa yatsa a tsakiyar shafi na uku, inda dillali ya yi sallama ya ce mai riga na son kayansa kafin Sallah, ta ce, "Nan labarinki ya fara. Na baya duk gyaran murya ne." Na yanke wata ƙawar matar da ba ta da aiki sai ba da shawara. Na yanke mafarki. Na yanke wani karin magana da na sha wahala kafin na samo shi, don ta ce an ga alamar ɗinkin inda na liƙa shi. Wannan kam har yau ina jin ciwonsa.

Rigimarmu ta gaske a wata na huɗu ta zo, kuma a kan harafi ɗaya ce.

Duk Bazazzagi ya san yadda ake tsokanar mu. Mu ne masu "rigan" da "motan" da "matana", ba mu cika damuwa da raba namiji da mace a wutsiyar kalma ba kamar yadda Daidaitacciyar Hausa ta tanada. Da na zauna da Iya na rubuta maganganunta yadda suka fito daga bakinta, haka na zuba su a bakin matar labarina. "Rigan nan ya sha mini ido." Mama ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zagaye, ta mai da "rigan" "rigar", ta mai da "ya" "ta". Shekara talatin da wani abu tana cire wa ɗalibai maki a kan wannan, hannunta ma da kansa yake yi.

Na ce, "Mama, a nan kam ban yarda ba."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Tun da muka fara ban taɓa musa mata ba.

Na ce a bakin mai ba da labari na yarda, duk abin da ƙa'ida ta ce shi zan bi. Amma wannan tsohuwa a cikin ganuwa aka haife ta, ba ta taɓa zama a aji ba. In ta buɗe baki ta ce "rigar nan ta sha mini ido", ta zama mai karanta labarai a rediyo, ba Iya ba ce. Mama ta ce mai karatu a Kano ko Sakkwato ba zai san da gangan na yi ba, cewa zai yi yarinyar ba ta iya Hausa ba, kuma alƙalin gasa ba zai kira ni ya ji dalili ba. Ta ce mutum sai ya nuna ya iya ƙa'ida kafin a yarda da gangan ya karya ta. Na ce ai ga sauran labarin nan yana shaida. Muka yi ta ja har aka kira magariba. Na yi mata sallama a daddafe, na fito raina a ɓace.

Asabar biyu ban je ba. Na ce mata jarrabawa, ita ma ta san ba jarrabawa ba ce. A cikin kwanakin nan har na buɗe guruf na kwafo labarin zan saka, don na san a can ba mai zagaye mini komai, wuta da zuciyoyi kawai za a turo. Na daɗe ina kallonsa, sai na goge. Ba alkawarin da na yi mata ne kaɗai ya hana ni ba. Na gano cewa yabon da zan samu a can, da Alhajin Abuja da babu shi, iri ɗaya ne.

Mahaifiyata ce ta kore ni na koma, ta ce ba a yi wa babba yaji. Na tafi da ƙosai mai zafi a leda, na durƙusa na ba da haƙuri. Mama ta ce, "Tashi, ai ba zagina kika yi ba." Sai ta ciro takardun daga ƙarƙashin matashi ta ce yau ita za ta karanta, ni in rufe ido. Ta karanta wurin sau biyu, sau ɗaya da gyaranta, sau ɗaya yadda na rubuta. A na biyun muryarta ta canza ba ta sani ba, ta koma irin ta tsofaffin unguwa, don ita ma 'yar Birni ce, makaranta ce ta goge mata harshe. Ta yi shiru. Can ta ce, "Haka uwata ke magana."

Ba ta sallama duka ba, kuma ta yi daidai. Ta ce in zan bar wa tsohuwar karin harshenta, to in bar mata shi daga farko har ƙarshe, ba ta yi Zazzaganci a shafi na ɗaya ta koma Kananci a na uku ba, kamar yadda na yi a wuri huɗu ban lura ba. Kuma 'yarta mai zuwa makaranta ta riƙa magana daban, yadda mai karatu zai ji bambancin ya gane ba kuskure ba ne. Wannan shawara ta ƙarshe ita ta ba ni abin da labarin ya rasa tun farko. Na sa 'yar ta gyara wa uwar magana a gaban dillali, uwar ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da ɗinki. Duk abin da nake ta ƙoƙarin faɗa da ajiyar zuciya goma sha bakwai, sai ga shi a layi uku.

Sau tara na sake rubuta shi. Na taran ya tsaya a kalma dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai, ta karanta ta mayar da biron cikin gwangwani ba ta buɗe shi ba. Ba ta ce ya yi kyau ba. Cewa ta yi, "Je ki karanta wa mai shi."

Ran Juma'a da yamma na samu Iya a gindin katanga da wata farar shadda a cinya. Na zauna na karanta mata tun daga sallamar dillali har ƙarshe, gabana na faɗuwa fiye da ranar da na fara zuwa wurin Mama. Ba ta ɗago ba ko sau ɗaya. Da na gama na jira, allura na shiga tana fita.

"Kwana nawa kika ce ya yi yana aikin rigan?"

"Bakwai, Iya."

"Aska takwas a kwana bakwai? Ko aljani ne. Wa ya faɗa miki?"

Ba wanda ya faɗa mini. A cikin duk tambayoyin da na yi mata, wannan ce ban yi ba, kuma Mama ma ta wuce ta sau tara ba ta sa alamar tambaya ba. Ga shi dukan labarin a kan kwana bakwai ɗin nan ya rataya, don saura mako guda Sallah dillali ya yi sallama.

Iya ta miƙo mini allura da bakin zare ta ce in zura mata. Da na fito na kira Mama na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, sannan ta ce wata shida dai sun cika, amma gobe Asabar, in taho da shi bayan la'asar.